An sa ni jagorar addu'a ranar Lahadi, ta ina zan fara?

Tambaya: Ni matashi ne, ina sujada a wata ikilisiya a Sabon Gari, Zariya. Dattawa sun sa ni cikin masu yin addu'ar roƙo kafin wa'azi. A ɗaki addu'a ba ta yi mini wuya, amma da na tsaya gaban jama'a sai in yi ta maimaita "ya Uba, ya Uba", in rasa inda zan sauka. Laifi ne in rubuta? Kuma minti nawa ya kamata in ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, addu'ar ɗaki taka ce, ta gaban jama'a kuwa aron bakinka aka yi. Manzo Bulus ya tambaya a 1 Korintiyawa 14:16 yadda mutum zai ce "Amin" ga godiyar da bai fahimta ba. Ma'auninka ke nan: duk jimlar da za ka furta, tsohuwar da ke bencin baya da ɗalibin da ya zo daga Samaru su iya sa mata "Amin" da zuciya ɗaya. Shi ya sa ake cewa "muna roƙonka", ba "ina roƙonka" ba.

Rubutawa ba laifi ba ne. 'Yan Angalika na Wusasa da littafi suke addu'a, Katolika ma haka, Zabura kanta addu'o'i ne rubutattu. A ECWA da Baftis an fi saba yi da ka, amma babu mai hana ka riƙe 'yar takarda. Abin da ya fi dacewa da mai koyo: ka rubuta jimlar farko da ta ƙarshe cikakku, domin nan ne ake tuntuɓe, tsakiya kuma ka jera kanu huɗu ko biyar, kalma biyu-biyu. Ka yi wannan tun daren Asabar, ka karanta da murya sau biyu kana duba agogo.

Minti uku zuwa biyar sun isa. Addu'ar ikilisiyar farko a Ayyukan Manzanni 4:24-30 aya bakwai ce kacal. Idan ka wuce minti bakwai, mutane na tsaye, ido a rufe, ga zafin watan Afrilu ƙarƙashin rufin kwano, to kai kaɗai kake yi, su jiran "Amin" suke.

Kafin ka tsara, tambayi mai jagorar sujada wace addu'a aka ba ka. Idan an riga an yi ta buɗewa da furta zunubi, kada ka sake su. Ka buɗe da jimla ɗaya ta yabo, zai fi kyau ka ɗauko ta daga nassin da za a karanta ranar. Sannan ka taho daga nesa zuwa kusa: ikilisiya a ko'ina, ƙasa da shugabanni, gari, sai mu da ke zaune. 1 Timoti 2:1-2 ya umarta a yi addu'a domin sarakuna da masu mulki, saboda haka shugaban ƙasa, gwamna da Sarkin Zazzau suna ciki, ko wanda ka zaɓa ne ya ci ko ba shi ba. Hikima da adalci za ka roƙa musu, ka bar jam'iyya a ƙofa.

A roƙon gari ne ake gane wanda ya shirya. "Ka albarkaci kowa da kowa" ba ya taɓa kowa. Ka ambaci manoma masu jiran ruwan shuka, ɗalibai masu jarrabawa, marasa lafiya da ke kwance a asibitin koyarwa na Shika, matafiya a hanyar Kaduna da Kano, maƙwabtanmu Musulmi da zaman lafiyar unguwa. Bayan kowane roƙo ka yi shiru kamar daƙiƙa biyar. Kai za ka ji kamar shekara, jama'a kuwa a nan suke shigar da nasu.

Sunan mara lafiya sai da izininsa ko na iyalinsa, sunan cutar kuma ka bar shi. Rikicin aure, bashi, horon ikilisiya, ba a kawo su mumbari. "Roƙon addu'a" ya sha zama hanyar tona asiri. Haka kuma kada ka yi wa'azi da ido a rufe. Mai cewa "ya Ubangiji, ka san akwai waɗanda ba sa kawo baiko" da jama'a yake, kuma sun gane.

Maimaita "ya Uba" da ke damunka ba ƙarancin bangaskiya ba ne, baki ne ke cike gurbi kafin tunani ya iso. Maganinsa gajerun jimloli da numfashi a tsakani. Matiyu 6:7 ya riga ya sauke maka nauyin yawan magana.

Makirufo kamar yatsu huɗu daga baki, kada ka yi ihu a ciki, lasifika tsagewa take yi. In an ɗauke wuta, ɗaga kai da murya ka ci gaba, kada ka tsaya jiran janareto. In sujadar ta haɗa masu Hausa da masu Turanci, ka gama roƙo guda da harshe ɗaya kafin ka juya.

Ka sauka da kalmomin da jama'arku suka saba, "cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu", a hankali, domin "Amin" ɗin ta fito tare. Idan da Addu'ar Ubangiji ake rufewa, bincika lafazin da ikilisiyarku ke bi: dattawa da yawa sun haddace na tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, matasa kuma na sabuwa, in ka ja da wanda ba su saba ba sai muryoyi su rabu tun a layi na biyu.