Amsa: Wace ƙafar kyamara ce za ta jure iska da rairayin Saudiyya?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Jidda, kana da kyamara marar madubi da lensi biyu, mai milimita 24-105 da mai 70-300, sai wata tirayifod, wato abin kafa kyamara mai ƙafa uku, ta araha mai gaɓa biyar. Hotunan da ka ɗauka a Al-Ula bayan magariba sun fito dishi-dishi, bidiyon yana fizga in ka juya kyamara, kuma layin da sama ta haɗu da ƙasa yana karkacewa. Riyal 1,500 gare ka, kana so ka san ko gimbal za ka saya ko sabuwar tirayifod, kuma ko guda ɗaya za ta wadatar da hoto da bidiyo.

Maganar gimbal a jingine ta tukuna. Gimbal mariƙi ne na hannu mai motoci da ke daidaita kyamara, aikinsa shi ne bin mutum yana tafiya, ba zai riƙe maka kyamara shiru na daƙiƙa 20 ba, ga shi iska mai ƙarfi tana wahalar da motocinsa, lensi 70-300 kuma ya yi masa tsawo. Matsalolinka uku galibi a ƙafar tirayifod da kanta suke, wato ɓangaren saman da kyamara ke zama a kai.

Kafin ka kashe ko riyal ɗaya, gwada wadda kake da ita. Kafa ta a kan siminti, ɗora lensin a 300, buɗe allon kyamara ka kusanto da hoton sau goma a kan wani rubutu mai nisa, sannan ka ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa. Ƙafa ta ƙwarai tana daina rawa cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. In taka ta kai huɗu ko biyar tana karkarwa, ka gano mai laifi. Wannan gwajin za ka maimaita a shago kafin ka biya kuɗi, kuma ya fi duk abin da aka rubuta a kwali gaskiya. Lambar nan ta "tana ɗaukar kilo 15" ba ta da ma'auni ɗaya da kamfanoni suka yarda da shi, kowa yadda ya ga dama yake aunawa. Abin da take nufi kawai shi ne ƙafar ba za ta durƙushe ba, ba wai ba za ta girgiza ba.

Abin dubawa shi ne kaurin bututu da yawan gaɓa. Nemi wadda bututun samanta ya kai milimita 28 zuwa 32, mai gaɓa uku, in ta matsa huɗu. Mai gaɓa biyar, bututun ƙarshe yakan sirance har ya yi kusa da kaurin alƙalami, kuma kowane makulli wuri ne da motsi ke shiga. Tsawonta ya kai kusan haɓarka ba tare da ka ɗaga sandar tsakiya ba, tunda kan tirayifod da kyamara za su ƙara wajen santimita 20. Ita sandar tsakiya, ka ɗauka babu ita. Da zarar ka ɗaga ta, kyamararka ta koma kan ƙafa ɗaya da ke tsaye a kan uku, iska kaɗan ta ishe ta.

Kabon ko alminiyam? Kabon ya fi sauƙin ɗauka, ya fi saurin shanye girgiza, kuma ba ya ƙona hannu. Alminiyam da ya sha ranar Yuli a Madina ko Riyad, inda zafi kan haura digiri 45, ba ya taɓuwa sai ka naɗe saman ƙafafun da soso ko ƙyalle. Duk da haka, da kuɗin da ka ambata gara alminiyam mai kauri da kabon siriri. Araha ba ta ado, kuma kabon na araha yakan tsage in ya bugu da dutse mai kaifi, irin baƙin dutsen da ke kewaye da ramin aman wuta na Wa'aba. Alminiyam lotsewa kawai zai yi ya ci gaba da aiki.

Yanzu sai kan tirayifod, wanda nan ne asalin tambayarka. Kan ƙwallo na hoto ne: ka sassauta, ka saita, ka ɗaure. Ba a yi shi don motsi ba, shi ya sa bidiyonka ke fizga. Kan bidiyo yana da mai mai kauri a ciki wanda ke riƙe motsi ya tafi a hankali, yana da hannu, amma ba ya kwantawa gefe don hoton tsaye. To in dole guda ɗaya za ka saya, sayi kan bidiyo. Hoton fili ba gaggawa gare shi ba, kan bidiyo zai yi shi da kyau, har ma ya fi daɗin saiti a lensi mai tsawo domin ba ya zubewa gaba in ka saki. Don hoton tsaye sai ka ɗaura wa kyamara ƙarfen nan mai siffar L na tsarin Arca-Swiss, ka ɗaura ƙaramin matsi na Arca a kan farantin kan bidiyon. Ka lura farantin kamfanin Manfrotto da na tsarin Arca ba sa shiga juna, saboda haka tsaya a kan tsari ɗaya. Sukurun ƙarƙashin kyamara inci 1/4 ne, wanda ke haɗa kai da ƙafa kuma inci 3/8. Ajiye ƙaramin bushin da ke mayar da ɗaya zuwa ɗaya a jakarka tare da alanki, don faranti yakan kwance a hanya mai gargada.

Karkacewar da kake gani in ka juya kyamara dalilinta ɗaya ne: ka daidaita kyamarar, amma gindin da take juyawa a kai bai daidaita ba. Sai ta fara daidai, kafin ta kai ƙarshen juyi ta kwanta. Ƙafafun bidiyo suna zuwa da kwano mai faɗin milimita 75 ko 100, ka sassauta mariƙin ƙasa, ka karkata kan har kumfar lebul ta zauna tsakiya, ka ɗaure, cikin daƙiƙa biyar an gama. In ƙafarka mai shimfiɗaɗɗen sama ce, akwai gindin daidaitawa da ake sakawa tsakanin ƙafa da kai, yana ba da karkata ta wajen digiri 10 zuwa 15. A ganina wannan ɗan ƙarfen ya fi kowane ƙari amfani ga mai haɗa hoto da bidiyo, kuma shi ne ke sa hotunan da za ka jera su zama faffaɗan hoto ɗaya su haɗu ba tare da matakala ba. Bari kowane hoto ya hau kan na kusa da shi da kashi ɗaya cikin uku.

Kasafin kuɗin: kusan 900 ga ƙafa, sauran ga kai da ƙarfen L. Gindin daidaitawa ya biyo baya in bai shiga ba.

Kafawa kuwa, a nan ƙasar tamu take da nata hukunci. A kan dutse ko ƙasa mai tauri, fara buɗe gaɓoɓi masu kauri, siraran su zama na ƙarshe, in ma ba ka buƙace su ba a bar su a ciki. A rairayi ko bakin teku sai a juya dokar: fito da gaɓar ƙasa kamar taƙi ɗaya domin makullai su yi nesa da yashi da ruwa. Sannan danna kowace ƙafa da ƙarfi har ta daina nutsewa. Da yawa daga hotunan dare da ke lalacewa a Al-Ula ba iska ba ce, ƙafar ce ke ci gaba da nutsewa sannu a hankali cikin daƙiƙa 20 ɗin da shata take buɗe, kuma tsayuwarka kusa da ita tana motsa yashin. Ka danna, ka ja da baya taku biyu, ka tsaya cak. A tudun rairayi mai laushi irin na hamadar Nufud ko ta Rub'ul Khali, inda babu tauri a ƙasa, sa wa kowace ƙafa faffaɗan takalmi. Murfin gwangwanin madara ko guntun katako mai faɗin tafin hannu ya isa. A kan dutse mai santsi roba ta fi, a tsakuwa da busasshiyar laka tsinin ƙarfe ya fi.

Iska ita ce babbar abokiyar gaba, musamman a bakin tsaunin Tuwaiƙ wajen Jabal Fihrain da kan Hada da Shafa a Ɗa'if, da Suda a Abha mai tsayin kusan mita 3,000. Rage tsawo zuwa ƙugu ko gwiwa, buɗe ƙafafu zuwa mataki na biyu, ka sa ƙafa ɗaya ta nufi inda iskar ke tafiya domin ta tokare. Cire igiyar wuyan kyamara ko ka naɗe ta, don kaɗawarta kaɗai tana ɓata hoto. In iskar ta yi tsanani, cire murfin inuwar lensi ma, kama iska yake yi. Ƙugiyar da ke ƙarƙashi an yi ta don rataya nauyi, amma jakar da ke lilo ta fi rashinta illa. Ɗaure ta da igiyar roba yadda gindinta zai zauna a ƙasa tana jan ƙafar ƙasa. Tsaya ta ɓangaren da iskar ke fitowa ka tare da jikinka, ba tare da ka taɓa komai ba. A gangare ƙafa biyu su kasance ta ƙasa, ta ukun ta sama a gajarce. Kuma don Allah a bakin Fihrain ka bar aƙalla mita biyu tsakaninka da gaɓar, dutsen wurin yana ɓarewa, babu shinge, taimako kuma yana da nisa.

Saitin kyamara shi ma yana da hannu a cikin dishi-dishin. Kashe na'urar hana girgiza, ta lensi da ta jikin kyamara, wato IS a Canon, VR a Nikon, OSS a Sony. In ba ta sami motsi ba takan ƙirƙiro nata a doguwar buɗewa, a bidiyo kuma tana ƙoƙarin hana juyin da kake yi da gangan, sai ta riƙe, ta saki, ta riƙe, wannan ma fizga ce. Kada ka danna shata da hannu: taima ta daƙiƙa 2 a lensi gajere, daƙiƙa 10 a 300, ko rimot. Don taurari a 24, lissafin da aka saba shi ne raba 500 da tsawon lensi, ya ba ka wajen daƙiƙa 20 a kyamara mai cikakken firam, wato mai babbar na'urar ɗaukar haske, amma kyamarorin yanzu masu yawan fiksel suna nuna jan tauraro tun kafin nan, saboda haka tsaya a 13 zuwa 15. Akwai kuma dishi-dishin da ba ruwan ƙafa: in hantsi ya yi, zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa abu mai nisa ya yi ta rawa a lensi 300. Ko a kan dutse ka kafe kyamarar ba zai gyaru ba. Maganinsa fita bayan sallar asuba.

Ga juyin bidiyo, fara da zame farantin gaba ko baya har kyamara ta tsaya da kanta in ka saki hannu. Ƙara taurin man har ka ji yana ɗan ja da kai. Ɗauki daƙiƙa biyar shiru, juya, ka sake tsayawa daƙiƙa biyar, mai haɗa fim zai sa maka albarka. Saurin da ya dace shi ne abu ya ɗauki kamar daƙiƙa bakwai kafin ya ratsa allo daga gefe zuwa gefe. Tsaya a inda juyin zai ƙare, ka murɗa jikinka zuwa mafarinsa, sai jikin ya warware a hankali. Wasu suna rataya robar ɗaure kuɗi a bakin hannun su ja da ita, tana shanye rawar yatsu, kuma tana aiki. In kana ɗauka a firam 25 a kowace daƙiƙa, shata ta zauna a 1/50 na daƙiƙa, wanda a hasken ranarmu ba zai yiwu ba sai da filtar ND, wato gilashi mai duhu da ke rage hasken da ke shiga lensi. Shata mai sauri irin 1/1000 tana sa juyi ya riƙa tsalle ko da kan ya fi kowane tsada. In fitilun gari sun shigo hoton, kamar a Kornish, titin bakin tekun Jidda, da dare, koma 1/60 saboda wutar Saudiyya mai hatiz 60 ce, in ba haka ba hasken zai riƙa ƙiftawa.

Tunda a Jidda kake, gishiri zai ci maka kaya in ka yi sake. Ko ƙafar ba ta taɓa teku ba, raɓar gishiri tana sauka a kanta. Ranar da ka dawo daga Abhur ko Kornish, buɗe gaɓoɓin duka, wanke da ruwan famfo, a bar su a buɗe a inuwa har su bushe sarai. Makulli na murɗawa ya fi dacewa da mu domin ana kwance shi da hannu. In ka ji ƙaras-ƙaras kana murɗawa, tsaya, yashi ne ke cin zaren. Kwance, zare bututun, ka kula da 'yan robobi biyu farare da ke samansa, su ne ke hana shi fita ko juyawa, kuma saurin ɓata gare su. Goge zaren da tsohon buroshin haƙori, shafa giris ɗan kaɗan a zaren kawai. Kada mai ya taɓa jikin bututu, kuma kada ka fesa WD-40, yana wanke giris ya jawo ƙura. Kan bidiyo kuma ba a barinsa a but ɗin mota da rani, zafin yana tsinka man har ya fara yoyo, daga nan juyinsa ba ya sake yin daidai.

In mota za ka tsaya a ciki, ɗinka jakar ƙyalle mai kauri ka cika ta da shinkafa ko wake kilo biyu, ɗora a tagar, ka kashe inji. A lensi 300 ta fi ƙaramar tirayifod natsuwa.

In na hannu za ka saya a Haraj, wato kasuwar kayan hannu, buɗe kowace gaɓa ka danna ƙafar da nauyin jikinka ka ga ko tana zamewa, duba farin gari a jikin sukurori wanda ke nuna ta sha teku, juya kan a hankali daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko akwai inda yake sakewa, ka shafa ƙarƙashinsa ka ga ko akwai mai. Sannan ka sani ba ko'ina ake kafa ta ba. Kada ka nufi Haramin Makka ko na Madina da ita ba tare da izini ba. Hijir, wato Mada'in Salih, wurin tarihi da ke Al-Ula, da tikiti da jagora ake shiga, lokacin tsayawa a kowane wuri ƙayyadadde ne, don haka ka tambayi ƙa'idar kayan ɗauka tun lokacin yankar tikiti. In aikin na kasuwanci ne, nemi takardar izinin ɗauka kafin ka tashi daga Jidda.