Tambaya da Amsa: Sukur, ƙauyen da ke bisa dutse a bakin iyakar Kamaru

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Daura. A darasin tarihi na ci karo da sunan Sukur, an ce ƙauye ne a kan dutse kusa da iyaka. Ina yake, kuma da me mutanensa suke rayuwa?

Amsa: Malam, Sukur yana ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, a kan duwatsun Mandara da suka raba Najeriya da Kamaru. Tudun ya ɗara mita 1,000 daga matakin teku, kuma da ƙafa ake hawa, ta hanyoyin da kakanninsu suka shimfiɗa da faffaɗan duwatsu. Sarkinsu Hidi ake ce masa. Fadarsa ma da dutse aka gina ta, an jera ɗaya bisa ɗaya ba siminti. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Najeriya.

Abin da ya kamata yara su riƙe shi ne ƙarfe. Bayan ruwan sama ya ɗauke, mata kan bi ƙoramu su kwashi baƙin yashi mai tama, su wanke shi har nauyayan ƙwayoyin su kwanta. Maza su ƙona gawayi. Sai a zuba tama da gawayi a murhun yumɓu, mai zuga yana zaune daga sama, iskar zuga-zugi na bin dogon bututun ƙasa tana sauka cikin wutar. Ƙarfen da ya fito a bubbuge shi ya zama sanduna, fatake daga ƙasar Borno su zo su saya, mutanen dutse kuma su samu hatsi, gishiri da dabbobi. Wannan sana'a ta mutu wajajen 1960, lokacin da tarkacen motoci da ƙarfen waje suka cika kasuwa da araha.

Sun sha wuya ƙwarai. Hamman Yaji, mai mulkin Madagali, ya yi ta kai musu harin kamun bayi tun daga 1912. Daga baya Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Yankin ya taɓa zama ƙarƙashin Jamus, sannan Ingila ta karɓa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961 ce ta shigo da shi Najeriya. Ku mutanen Daura kun san yadda layin Turawa ya ratsa 'yan uwa a Kongolam. Can ma haka ne. A 2014 kuma Boko Haram suka hau dutsen suka ƙona gidaje.

Yau noma ne abin dogaro: dawa, gero, wake, gyaɗa. Suna kuma turke bijimi a wani garke mai zurfi da aka gina da dutse, ana kai masa ci da sha a wurin har ya yi ƙiba, takinsa ya koma gona.

Tambaya: Gonata tana gindin dutse a yankin Batsari, duk damina ruwa na zaizaye ta. Na ji ana cewa mutanen dutse suna noma a gangare ba tare da ƙasa ta tafi ba. Zai yiwu a nan?

Amsa: Zai yiwu, Malam, kuma a ganinmu wannan ne babban abin koyi daga Sukur. Su gangarensu mai tsanani ne, don haka suka mai da shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da katangar dutse tana riƙe da ƙasa. Gonakin Katsina galibi ba su kai haka tsayuwa ba, jerin duwatsu ya isa.

Da rani ake aikin. Nemi tiyo mai garai-garai irin na magina, mai tsawon mita 10 zuwa 15, ka cika shi da ruwa, ka ɗaure bakunansa a sanduna biyu masu alama daidai da juna. Mutum ɗaya ya tsaya, ɗayan ya riƙa hawa ko sauka har ruwan ya tsaya kan alama a duka ɓangarorin, sai a kafa turke. Haka za a bi har a ratsa gonar. Layin zai fito a karkace, kada ka miƙar da shi don ya yi kyau a ido. Nan ne yawancin manoma ke kuskure: idan wani wuri ya fi kwari, ruwan gona duka can zai taru, ya ɓalle, ya haƙa maka kwazazzabon da ya fi na da.

Sai a tona ɗan siririn rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15 a kan layin. Manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a cusa a tsakaninsu ta ɓangaren da ruwa ke tahowa, tsayin jerin ya kai santimita 20 zuwa 30. Kada a shafe da laka. So ake ruwan ya ratsa a hankali, ya bar ƙasa da taki a baya. Inda gangaren bai yi yawa ba, a bar mita 20 zuwa 50 tsakanin jeri da jeri. Inda ya tsananta, a matso da su. A fara daga saman gona, domin jerin da ke can ƙasan gona shi kaɗai ba zai iya da ruwan da ya taho da gudu ba.

Da ruwa ya sauka, a dasa gamba a jikin jerin, saiwarta za ta kama duwatsun, ga zana ga abincin dabbobi. Bayan kaka shanu kan ture wasu duwatsun, wasu kuma ƙasa ta binne su, don haka a zaga a ɗaga su kafin ruwan fari.