Tambaya da Amsa: Wa ya fara rap da muryar Landan?

TAMBAYA: Salam Yaya, dan Allah ka raba mana gardama. Muna bes ɗinmu nan Nima muna shan ataya sai abokina ya dage wai kafin Stormzy babu wani rap na kirki a Ingila, duk kwaikwayon Amurka suke yi. Ni ma ina ɗan taɓa waƙa kuma gaskiya da muryar Amurkawa nake yi. Maganarsa haka take? Daga wani mai karatu a Nima, Accra.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Abokinka ya taɓo gaskiya amma bai kai ƙarshenta ba. Stormzy namu ne, mamarsa 'yar Ghana ce, amma a 1993 aka haife shi, kuma tun 1987 wasu samari da ake kira London Posse suka fitar da faifansu na farko.

Su huɗu ne da farko, Rodney P da Bionic su ne masu rap, Sipho yana yin kiɗa da bakinsa, sai DJ Biznizz. Mick Jones na ƙungiyar Big Audio Dynamite ne ya ɗauke su yawon wasa, har suka je New York, to ka ga a can ne abin ya fito fili, ka je garin masu abu kana kwaikwayon muryarsu wa zai saurare ka? Sai suka riƙe Turancin titin Landan wanda suka tashi da shi, suka gauraya shi da salon Jamaika da kiɗan rege na gidajensu, a lokacin da kusan kowa a Ingila yake maƙale murya kamar ɗan unguwar Bronx ta New York. Wallahi wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Album ɗaya tak suka yi, Gangster Chronicle, a 1990 ƙarƙashin kamfanin Mango. Na biyu bai taɓa fitowa ba, kuɗi bai zauna ba, a ƙarshe kowa ya kama gabansa, kuma abin yana min ciwo har yau don waɗanda suka share hanyar ba su ne suka ci ribarta ba. Rodney P dai ya ci gaba, ya yi shiri a rediyon BBC 1Xtra tare da DJ Skitz, ya fitar da nasa album a 2004.

Yanzu kai kuma. Reggie Rockstone ma a Landan ya yi rap da ƙungiyar PLZ, amma sai da ya dawo gida Ghana a 1994 ya koma Twi sannan hiplife, wato rap da aka gauraya da kiɗan highlife na Ghana, ya tsaya da ƙafarsa. 'Yan ƙungiyar hiplife ta VIP kuwa 'yan unguwarku ne, sun sa Hausa a waƙoƙinsu kuma duk Ghana ta yi rawa. Waƙarka ta gaba ka yi ta da Hausar da kuke gardama da ita a bes, ka turo min in ji.