Amsa: Me ya hana eNaira karɓuwa?

Malam, ka tambayi abin da ya hana eNaira, wato nairar intanet ta Babban Bankin Najeriya, karɓuwa. A ganina amsar tana kasuwa. Buhari ya ƙaddamar da ita a Oktoban 2021, aka yi ta alfahari mu ne na farko a Afirka. To amma naira ce dai, ajiyarta ba riba. Me zai ja mai shago?

Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya kamata ta ci kasuwarta. Ina! Mai shayin unguwarmu lambar OPay ya rubuta a kwali ya jingina da gwangwanin madara, mahauci kuma ya nemo POS. Har lambar da ake dannawa a yi amfani da eNaira, *997#, aka fitar saboda masu ƙaramar waya, amma ban taɓa jin mai kayan miya ya ce a tura masa ta nan ba.