Amsa ga mai neman tarihin kakansa tsohon soja

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi tambayarka ta fama min tsohon miki. Ka ce ka tsinci lambobin yabo biyu a akwatin kakanka a Garwa, ɗaya da ɗan ƙarfe a kan ƙyallenta an rubuta Koufra, kana son sanin inda ya yi yaƙi, ga kuma dillali ya fara taya su. Kada ka sayar, ko nawa ya saya. Amma koma cikin akwatin nan tukuna, domin lambobin Faransa galibi ba a zana musu sunan mai su. Takarda ce ke magana: littafinsa na soja, katin tsohon soja, ko wasiƙar fansho mai ɗauke da lambarsa ta matirikil da shekarar da aka ɗauke shi.

Mu namu littafin wani mutum ya raba mu da shi a nan Kuseri. Bayan rasuwar kakanmu ya zo da babbar riga da jaka a hammata, ya durƙusa ya gaida kakarmu, yana ta Hajiya kaza Hajiya kaza, wai yana da hanya a Njamena, zai fito mata da kuɗin mijinta. Tsohuwa ta buɗe adakarta ta ba shi littafin, ta ƙara masa da kuɗin mota, har fura ta dama masa. A cikin littafin nan ne hoton kakanmu ɗaya tilo yake, da jar dara a kansa. Har ta koma ga Allah, in ta ji sallama a zaure sai ta ce a duba ko mai takardun ne. Daga baya muka ji gidaje da yawa ya yi wa haka. Ni dai ban yafe ba, Allah ya isa. Don haka ko ɗan ɗakinku ne, hoto za ka ba shi, asalin ya zauna a gida.

Ƙarfen Koufra ba abin wasa ba ne. In ƙyallen shuɗi ne mai ratsin fari, to Médaille coloniale ce, kuma alama ce kakanka na cikin rundunar Leclerc, hafsan Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, da ta tashi daga Chadi ta karɓe Kufra a Libiya daga hannun Italiya ranar 1 ga Maris 1941. Yawancinsu 'yan Afirka ne, akasari daga Chadi, ko da yake sunan Sanagal aka liƙa wa rundunar. Su ne suka ci yankin Fezzan na Libiya daga baya, amma a 1943 da za a kafa rundunar da ta shiga Paris sai aka tsame baƙaƙen fata. Fanshonsu ma dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da shi, sai 2011 aka gama daidaita shi da na Faransawa, lokacin akasarinsu suna ƙasa. Abin na ci min rai har gobe.

Ka rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji ta garin Pau a Faransa, CAPM, ka nemi état signalétique et des services. Ita ke jera runduna, wurare da ranar sallama. Ka haɗa da shaidar rasuwarsa da ta cewa kai jikansa ne. Amsa na jinkiri, ka daure. Kafin nan duba shafin Mémoire des hommes a intanet, akwai sunayen 'yan France libre, wato sojojin Faransa irin na Leclerc da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, da fayil ɗinsu ke ma'ajiyar tarihin soja ta Vincennes kusa da Paris. Ka gwada sunan ta kowace fuska, Umaru ya zama Oumarou, wani da sunan ubansa aka rubuta shi, wani da na garinsu. Namu da sunan mahaifinsa muka same shi.

In akwai gwaggo ko baffa da ya saura, je ka zauna da su da waya tana ɗaukar muryarsu tun suna raye. Kuma ɗauko mana hoton lamba ta biyun, gaba da baya, mu ga wace ce.