Hoton tsayawa ko na bazata a biki?

Kin ce wane salon hoto za ki zaɓa ma bikinki, na tsayawa ana gyara ku kamar a situdiyo, ko wanda mai hoto ke bin mutane yana ɗauka ba su ankara ba. 'Yar'uwa ki haɗa biyun, amma ki fi ba na bazata ƙarfi. Na tsayawa awa ɗaya ya isa, ke da ango da iyaye, sauran su kamu da sa lalle da kai amarya a bar mai hoto ya bi abin yadda yake gudana, don nan ne gwaggo ke rawa ƙawaye na shewa, wallahi ba a shirya irin wannan.

Sharaɗin dai lokaci. Bikin ƙanwata cikin Afrilu anka yi, kin san zafin Sakkwato, munka tsaya hoton waje da azahar, kwalliya ta narke kowa ido a runtse, mai hoton ya yi ta goge fuskoki a kwamfuta har amarya ta koma kamar ba ita ba. Ki sa na tsayawar bayan la'asar, kuma ki gaya ma mai hotonki tun wurin ciniki kada ya canza miki launin fata.