Ɗana ya haddace waƙar katun amma ba ya amsa kira

Tambaya: Likita, ɗana yana da shekara 2 da wata 8. In an kira sunansa ba ya waigowa, in yara na wasa a tsakar gida sai ya ja gefe da wayata. Amma yana rera waƙoƙin katun da Turanci, har ABC ya iya. Uwar mijina ta ce baiwa ce, in ƙyale shi. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. (Wata uwa daga Rigasa)

Amsa: Baiwar Allah, gara da kika tambaya. Ɗan shekara 2 ya kamata a ce yana haɗa kalma biyu, kamar "Mama zo", yana nuna abu da yatsa, yana waigowa in an kira shi.

Maganar nan ta "waya na koya masa Turanci" ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Uwa za ta zaunar da yaro a gabana, fuskarta cike da murna, ta ce ya yi wa likita ABC. Ya yi tsaf. In miƙa masa biskit in ce "kana so?", ko kallona ba zai yi ba, idonsa na kan jakar da aka ɓoye wayar. Wannan hadda ce irin ta aku. Magana ba ta samuwa sai da abokin yi: yaro ya yi gwaranci, uwa ta kwaikwaye shi, ya yi dariya, ta mayar masa. Waya ba ta jira ya amsa, ba ta san ya yi murmushi ba. A 2003 wata mai bincike, Patricia Kuhl, ta gwada wannan a Amurka da jarirai 'yan wata 9. Waɗanda mutum ya zauna yana musu Sinanci sun koyi rarrabe sautukansa, waɗanda aka kunna wa bidiyon mutanen ba su tsinci komai ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar yaron da bai kai shekara 2 ba ya kalli allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Mu kuwa har abinci ba ma iya ba yaro sai an jingina waya da kwano.

Kada ki ɗora duk laifin a kan waya tukuna. Rashin waigowa na iya zama matsalar ji ko galahanga (autism), wato larurar da ke sa mu'amala da mutane ta yi wa yaro wuya. Ki kai shi Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna a auna jinsa, sannan likitan yara a asibitin Barau Dikko ya gan shi. Don Allah kada ki yarda a kai shi wurin wanzami wai a yanke masa jijiyar ƙasan harshe. Harshen da ya rera waƙa lafiyarsa ƙalau.

Wayar kuma ki ɗauke daga yau, taki ma ki ajiye in kina tare da shi. Zai yi birgima na 'yan kwanaki, ki daure. Ki zaunar da shi kusa da ke kina tsince shinkafa kina faɗa masa sunan komai, da la'asar ki sa shi cikin yaran gida. Ki roƙi Hajiya, uwar mijinki, cikin ladabi ta riƙa yi masa tatsuniya da wasan jika.